Neman Tashar Lemo

Sana'ata gyaran rediyo, ko da yake yanzu wa ke kawo rediyo gyara? Shagona yana Asata, a Inugu, cikin lungun da aka haife ni, ba nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. In aka tambaye ni ɗan ina ne sai in ce Kano, alhali da za a sauke ni a Kanon a ce in kai kaina unguwar kakannina, sai na tambayi hanya. Haka muke duk 'ya'yan unguwar. Muna ciniki da yaren Ibo, muna faɗa da Turancin kasuwa, amma in muka ce gida, Arewa muke nufi.

Mahaifina ɗan rakiyar shanu ne, a zamanin da jirgi ke ɗauko su daga Arewa zuwa Inugu da Fatakwal. Aikinsu su hau taragon tare da dabbobin, su kwana su tashi a kan katakon da aka gitta a sama, suna shayar da su, suna tayar da wadda ta faɗi. A irin wannan tafiya ya rasu, ina ƙarami ƙwarai. Abokan tafiyarsa suka sauke shi a wata ƙaramar tasha tsakanin Makurdi da Inugu, suka yi masa sutura nan take kamar yadda addini ya ce, ba su sa wata alama ba domin mu ba ma sawa, jirgi kuma ya ci gaba da tafiya saboda shanu ba sa jira. Abin da ya iso gidanmu sandarsa ce da butarsa da hularsa. Inna ta yi takaba, ta rene mu ni da ƙanwata da tuyar ƙosai, kuma ban taɓa jin ta tambayi sunan tashar ba.

Sai da ta tsufa. Yanzu tana Anacha wajen ƙanwata, wadda mijinta ke sayar da wake da albasa a Kasuwar Relief. Wata babbar Salla na je gaishe ta, na same ta a tsakar gida da faranti a cinya tana tsintar wake. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ba tare da ta ɗago kai ba ta ce:

"Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Mutumin nan ya haifi ɗa namiji, amma har yau babu jininsa da ya taɓa tsayawa a kansa ya yi masa ko ƙulhuwallahu."

Ba faɗa ta yi mini ba, ai da faɗa ne da ya fi sauƙi. Ita ba zuwa za ta yi ba, matanmu ba sa zuwa kabari, ƙafafunta ma ba za su kai ta ba. So take kafin ta bi shi ta ji an ce ɗansa ya je. Na dawo Inugu maganar tana cina, har matata ta fara tambaya ko ba ni da lafiya.

Cikin waɗanda suka binne shi mutum ɗaya ya rage a duniya, amininsa, wanda muke kira Baffa. Yana Fatakwal, a Trans-Amadi, a wani ɗaki bayan mayanka, jikokinsa mahauta suna kula da shi. Na sami taswirar layin dogo a wajen wani tsohon ma'aikacin tasha, na naɗe ta da kyau, na hau mota ina ganin magana ta ƙare. Zan karanta masa sunayen tashoshi, in na zo kan wadda ake nema ya ce ita ce.

Na karanta tun daga Makurdi har Inugu, na sake karantawa. Baffa yana zaune a kan buzu yana saurare da ladabi kamar mai jin wa'azi da wani yare. Da na gama ya ce a Tashar Lemo aka binne ubana, kuma bai ji ta a cikin takardata ba. Ashe su 'yan rakiya ba su taɓa kiran tasha da sunan da aka rubuta a allonta ba. Wa ya iya karatun boko a cikinsu, wa kuma ke da lokacin duba allo yana fama da ƙaho? Su suka raɗa wa kowace suna da abin da suke samu a can. Akwai Tashar Doya, akwai Tashar Ƙuda, akwai wadda suke ce wa Mata Masu Faɗa. Na ce masa ai a ƙasar Binuwai ko'ina lemo ake sayarwa, ya ce shi ma ya lura da haka.

Na kawo shawarar in ɗauke shi a mota mu bi hanya. Jikokin suka ce ko masallaci sai an riƙe shi, shi kuma ya ce titin mota daban, titin jirgi daban, bai san ƙasar ta wannan fuskar ba.

"Ni ba sunan gari na sani ba, ɗana, hanya na sani," in ji shi. "Da za ka sa ni a jirgi da na nuna maka da yatsa."

To, ina jirgin? Rabon da na ji kukansa a Asata har na manta. Ciyawa ta cinye layin, 'yan kasuwa sun baza tumatir a kan ƙarafan, tirela ta gaje shanun. A motar dawowa ne, wajen Aba, tunanin ya zo mini, na yi dariya ni kaɗai har matar da ke kusa da ni ta ja jakarta. Tun da ba zan iya kai Baffa wajen jirgi ba, zan ƙera jirgi in kai masa.

Muna yara mun ƙera motocin gwangwani ba iyaka, hannun kuma bai manta ba. Na sami tsofaffin ƙofofi uku na katako daga wani gida da aka rushe, na jera su a bayan shago, suka zama ƙasa. Titin jirgin na yi shi da ƙarafan tsofaffin lema, na miƙar da su na liƙe da dalma, na shimfiɗa a kan tsinken tsire da na yayyanka gajere-gajere. Taragu gwangwanin kifi ne. Kan jirgin na sa masa ɗan injin da ke juya kaset a rikoda, wuta kuma ta bi ta ƙarafan daga batirin babur ɗin okada, na ɗaura maɓallin ƙara muryar rediyo a tsakani. In na murɗa shi kaɗan jirgin ya yi rarrafe, in na ƙara ya sheƙa. Kafin ya yarda ya yi tafiyar kamu ɗaya ba tare da ya tuntsura ba, na zagi gwangwani zagin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba.

Matata takan leƙo da abinci ta tsaya tana kallona ina murza laka ina yin shanu. Ta ce ita dai ta auri mai gyaran rediyo, ba ta san da ɗan yaye aka haɗa ta ba. Amma ita ce ta rina mini garin katako kore ya zama ciyawa, ita ce kuma ta yanka sosonta na wanka ta yi itatuwa, tana yi tana cewa kada in kuskura in gaya wa kowa.

Gefen Inugu bai ba ni wahala ba. Na yi tashar yadda na san ta ina yaro, da dogon dandamalinta, da tarin kwal da na yi da garin gawayi, da tsaunin da ke bayanta. Ina liƙa rufin sai na tuna yadda muke rugawa in an ce jirgin shanu ya iso, warin kashi da gumi yana riga jirgin shigowa, maza suna dirowa baƙi wuluk da ƙura, ni ina duba fuskoki ɗaya-ɗaya. Na daɗe ina zuwa dubawa ko bayan an kawo hular. Na ajiye gam ɗin na zauna, ranar ban ƙara yin komai ba. Gadar Makurdi kuwa a hoton waya na gan ta, na saƙa ta da wayoyin ƙafar keke. Tsakanin gadar da Inugu ban san komai ba, sai na jera kwalayen ashana a matsayin tashoshi yadda taswira ta nuna.

Ranar da na kai jirgin Fatakwal, kwandasta ya zagaya ƙofofin nan da na naɗe da buhu ya ce, "Mallam, na wetin you carry?" Na ce masa jirgin ƙasa ne. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗaure kayan a kan mota da kulawa irin wadda ake yi wa kayan wanda ba a tabbatar da hankalinsa ba.

Muka haɗa ƙofofin a barandar Baffa bayan la'asar. Mahauta sun tashi daga aiki, suka kewaye mu da warin jini da sabulu. Na jera shanuna a taragu, kowace da filinta, na ɗora jirgin a tashar Inugu, na murɗa maɓalli. Ya tashi tiƙis-tiƙis ya nufi gada, ni kuma ƙirjina ya cika. Baffa ya bi shi da ido har ya kai rabi, sannan ya ce:

"Wannan ina za shi da shanu? Wa ka taɓa gani ya kai shanu Arewa?"

Barandar ta ɓarke da dariya, har wani ya zauna a ƙasa. Wata da watanni ina aikin nan ban taɓa tsayawa na yi tunani ba. A raina jirgi in ya tashi gida yake zuwa, to can na juya kansa. Baffa ya ƙara da cewa ko da babu shanun ba zai gane komai ba ta wannan fuskar, domin a komawa jirgin fasinja suke shiga, su miƙe ƙafa su rama barcin da suka yi bashi. Gangarowa kawai ya sani, ita ce ake yi ido biyu. Shanun ma ya ce wannan lodin marasa tausayi ne. Wanda ya ba saniya fili a tarago ya kashe ta, domin da jirgi ya girgiza za ta faɗi. Matse su ake yi, kan wannan a gindin waccan, kowace ta zama bangon 'yar'uwarta. Na juya wayoyin batir, na kwana ina murza laka, da safe taragun suka cika maƙil.

Daga nan aikin gaske ya fara. Duk bayan 'yan makonni nakan rufe shago in sauka Fatakwal. Damshin garin yakan sa ƙarafan tsatsa, sai na goge su da sanfefa kafin wuta ta bi. Baffa ya zauna a gefen gabas da sandarsa, domin ta nan yake zama a tarago, ni ina riƙe da maɓalli. In ya ce tafi in tafi, in ya ce tsaya in tsaya. Kwalayen ashanata ya share fiye da rabi da kan sanda, ya ce jirgin kaya ba a nan yake tsayawa ba. Shi yana tsayawa ne inda layi ya rabu biyu, a tura shi gefe ya jira na fasinja ya wuce, wani lokaci rabin yini. A irin wuraren nan suke ɗebo ruwa a tanki, su yi salla, su sayi abin da aka kawo. Sai ya ce nan akwai gangara, nan layin yana lanƙwasa hagu, nan akwai jan rafi da 'yar gada. Ni kuma in koma Inugu da jerin gyara a kaina, in dawo da tanki na murfin kwalba ko tudu na takarda da gam.

Tashar Doya ta samu, da mata ɗauke da doya 'yan mitsi-mitsi. Mata Masu Faɗa ta samu, inda ya ce ubana ya taɓa taya ayaba da rabin kuɗinta aka biyo shi da tsintsiya har bakin tarago. A barandar nan na san mahaifina. Na ji cewa yana da waƙar da yake yi wa shanu in sun firgita a kan gada, muryarsa kuma ba daɗi ko kaɗan. Na ji yana tsoron kunama fiye da bijimi. Inna ba ta taɓa gaya mini irin waɗannan ba, wataƙila ita ma ba ta sani ba, shi na gida daban ne da na hanya.

Amma fa ba ma isa Tashar Lemo. Da zarar mun wuce Tashar Ƙuda sai Baffa ya tuna wani labari na baya, ya ce a mayar da jirgi gada. Ko ya ce bayansa ya gaji, ko ya ce magariba ta kusa alhali rana na nan. Haƙurina dama ba mai yawa ba ne, ga Inna a Anacha tana ƙara ramewa, duk lokacin da ƙanwata ta kira sai gabana ya faɗi. Wata rana da muka zo wurin na yi kamar ban ji ba, na ƙara murɗa maɓalli. Baffa ya gitta sandarsa a kan layi, jirgin ya yi karo da ita ya kife. Na kwashe shanuna a ƙasa raina a ɓace, na yi masa sallama a taƙaice, na tafi ban kwana ba.

Na ɗauki lokaci kafin in koma. Ranar da na koma ruwa ake yi irin na Fatakwal, wanda ba ya sauri kuma ba ya ɗaukewa, ba kowa a barandar sai mu biyu. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi Inna da iyali, bai tayar da maganar sanda ba, ni ma haka. Ya ce yau shi zai yi lodi. Ya jera shanun da hannunsa, muka tashi daga gada. Muka wuce Doya, muka wuce Ƙuda, ina jiran ya ce a koma, bai ce ba. Dab da jan rafin nan ƙafar jirgin ta ci karo da tsatsa a mahaɗar ƙarfe, ya yi tsalle kaɗan, wata saniyar laka ta kife a cikin tarago.

"Tsaya," in ji Baffa. "Ta kwanta."

Na tsaya. Ya daɗe yana kallon saniyar, sannan ya soma magana, ba ni yake kallo ba. Ya ce haka ta yi, wata fara mai dogon ƙaho, kuma in saniya ta kwanta a tarago ba a tayar da ita ba 'yan'uwanta za su tattake ta. Ubana ya sauka cikinsu ya kama wutsiyarta yana murɗawa. Ta yunƙura ke nan jirgi ya fizga, wani bijimi ya matse shi da bangon ƙarfe. Da kansa ya hauro sama, ya ce ba komai, a ba shi ruwa. Ya sha, ya kwanta a kan katako ya ce zai ɗan huta. Lokacin da aka tura su gefe a Tashar Lemo, Baffa ya taɓa shi don su yi azahar.

Ya ce Allah ya taimake su jirgin fasinja ya yi latti ranar. Wani mutumin ƙauyen, ba Musulmi ba, ya kawo fartanya da diga, ya nuna musu wuri bayan tanki, ya kuma tuɓe riga ya taya su haƙa. Rawanin Baffa ne ya zama likkafani. Suka yi masa salla su 'yan kaɗan, shanu na kuka a bayansu, suka kwantar da shi yadda layin yake kwance, kansa kudu, fuskarsa gabas. Suna mayar da ƙasa suka ji kukan na fasinja daga nesa.

Na tambaye shi a hankali me ya sa ya ƙi kawo mu nan tun tuni.

"Muddin ba mu iso ba, yana kan taragon tare da ni," in ji shi. "Kai ka dawo mini da shi, ɗana, sannan kana gaggawar in sauke shi."

Ruwa yana ta zuba a kan kwano, na ɗauki saniyar na tsayar da ita cikin 'yan'uwanta. Can ya miƙa hannu ya ɗora a kan katakon da layin yake, gaba da rafin kaɗan, ya ce nan ne. Sai kuma hannun ya matsa gaba, bayan wata kwana, ya tsaya. Ya ce Lemo biyu ce, ta farko da mai bi mata, kowace da tankinta, kowace da mata masu lemo a kwando. Ya yi shekaru yana ganin ta farko ce, amma yanzu da ya ga hanyar a gabansa zuciyarsa ta rabu. Ya ce ba zai yi mini ƙarya a kan kabari ba, ɗaya ce daga cikin biyun, Allah ne ya san wacce.

Na bar masa jirgin, har yau yana barandarsa. Jikokin sun koyi goge ƙarafan, kuma an gaya mini in sun tashi daga gada a Tashar Ƙuda yake sa su tsaya.

Ni kuwa na hau mota zuwa ƙasar Binuwai, na sauka a wani gari da layin ya ratsa, na ɗauki mai okada na ce ya bi da ni gefen titin jirgi ya yi kudu. Hanyar ƙafa ce tsakanin gonakin rogo, ƙarafan suna ɓacewa cikin ciyawa suna sake fitowa. Mun yi tafiya mai nisa ina shakka, sai ga gangara, sai ga layin ya lanƙwasa hagu, sai ga jan rafi da 'yar gada a kansa. Ban taɓa taka wurin ba, amma na san shi, domin da hannuna na gina shi, na rushe, na sake ginawa har Baffa ya yarda.

Tashar farko rufinta ya tafi, tankin dai yana tsaye a kan ƙafafunsa ya yi ja da tsatsa. Na gwada Ibo ba a ji ba, na koma Turancin kasuwa. Aka kai ni wajen wata tsohuwa, da ta gane abin da nake nema ta ɗauki sandarta ta shiga gaba. A tsakiyar gonar rogo bayan tankin akwai wani fili tsawon mutum da ba a shuka komai ba, yana kwance yadda layin yake kwance. Ta ce surukinta ne ya hana a sa fartanya a wurin, ya ce Bahaushe ne na jirgin shanu yake barci, su ma suka hana 'ya'yansu. Na tuɓe takalmi. Na yi sallama, na karanta abin da na iya, na yi kuka irin wanda ban yi ba lokacin da aka kawo hula, domin a lokacin ban san me ake ciki ba. Tsohuwar ta tsaya nesa har na gama, sannan ta cika mini aljihu da lemo.

Niyyata in juya daga nan. Na samu, me kuma zan je nema? Amma maganar Baffa ta hana ni, na ce wa mai okada mu ƙarasa ta biyun, ina fatan in tarar ba komai a can in huta. Muka sha kwanar, ga tanki, ga itatuwan lemo. Wani dattijo yana gyaran kwando a dandamalin tashar. Da na yi masa bayani sai ya ajiye kwandon ya tambaye ni wanne daga ciki.

Uku ne a can, a jere bayan tankin, an kewaye su da duwatsu don kada awaki su yi ta bi ta kai. Ya ce duk mutanen jirgin shanu ne, ba lokaci ɗaya aka kawo su ba, kuma ba wanda ya san sunansu. Wani zazzaɓi, wani ƙaho, wani faɗowa. Tun yana saurayi yake jiran ranar da wani zai zo tambaya, ni ne na farko. Na tsaya ina kallonsu, farin cikin da na ɗauko daga tashar farko ya zube. Sannan na sake tuɓe takalmi, na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne na ce masa Baba, kowanne na yi masa addu'ar da na yi wa na farko, ban rage wa kowa ba.

Daga can Anacha na wuce kai tsaye. A hanya na yi ta shirya yadda zan gaya wa Inna labarin tashar farko kawai in yi shiru da sauran. Na same ta a kwance a ɗaki, ƙanwata ta tayar da ita ta jingina ta da matashi. Ta dubi jar ƙasar da ke ƙafar wandona ta ce, "Ka je?"

Da na buɗe baki sai gaskiya ta fito. Na ce na je, na kuma tsaya a kansa, amma ban san a wane tsayin ne na tsaya a kansa ba. Na gaya mata guda ɗaya a gonar rogo, na gaya mata uku a jere cikin duwatsu, da mutanen da suka hana fartanya taɓa su duk shekarun nan. Ina magana ina jin kunya, kamar yaron da aka aika kasuwa ya dawo da abin da ba shi aka ce ba. Ta yi ta jan carbi har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai ta sa na sake faɗa mata na tasha ta biyu, ko kusa da juna suke, na ce kusa ƙwarai, mutum zai iya miƙa hannu daga wannan ya taɓa wancan.

"To, yana cikin ukun nan," in ji ta. "Babanku ko tuwo bai taɓa iya ci shi kaɗai ba, sai ya fita ƙofar gida ya nemo wanda za su ci tare."

Ta gyara kwanciya ta juya fuskarta bango, ta ce wa ƙanwata a zubo mini ruwa in wanke ƙafa.